Kowane Littafi da Mudunsa

Birnin Zariya tsohon gari ne na malamai. Tun kafin zuwan Turawa almajirai su kan taso daga ƙasashe masu nisa, su shigo ta Ƙofar Doka ko ta Ƙofar Gayan, su sauka a Unguwar Juma ko a Kona don neman ilmi. Littattafan wancan zamani da hannu a ke rubuta su, da alƙalamin kara da tawada, warƙa warƙa babu ɗinki, sa'an nan a adana su cikin gafaka. Mutum ya kan yi watanni yana kwafar littafi guda. Saboda haka ba a ɓata takarda a kan abin wasa. Abin da ke cikin littafi ko dai addini ne, ko shari'a, ko nahawu, ko tarihi, ko magani. Tatsuniya kuwa a baki ta ke, tsofaffin mata ke yi wa yara da dare bayan an ci tuwo.

Cikin shekarar 1933 wani Bature, Dokta East, wanda ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙaga labarai, su rubuta da Hausar boko. Abin ya ɗaure wa da yawa kai. A ganinsu littafi wurin gaskiya ne, ina dalilin dattijo zai zauna ya rubuta abin da bai faru ba? Duk da haka waɗansu suka gwada, aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Cikin 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, cikin 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, bayan ganuwa. Daga nan littattafai iri iri suka yi ta fitowa daga Zariya, na labari, na waƙa, na tarihi, na wasan kwaikwayo, da na sanin halitta.

To, da littattafai suka zama iri iri, sai wani aiki ya hau kan mai karatu. Wajibi ne ya san abin da ke hannunsa kafin ya faɗi ra'ayinsa. A kasuwa ba a auna gero da kamu, ba a kuwa auna yadi da mudu. Littattafai ma haka su ke.

Ga misali. Wani yaro ɗan aji shida, mazaunin cikin birni, ya ari littattafai biyar ya karanta lokacin hutu. Da aka koma makaranta malaminsa ya ce masa, “Yaya ka same su?” Yaro ya ce, “Malam, ɗaya da daɗi, sauran ba daɗi.” Malam ya ce wannan ba amsa ba ce, ko jariri ya san daɗi da rashinsa. Sai ya sa shi ya ɗauko su ɗaya ɗaya.

Wanda yaron ya ce da daɗi shi ne Ruwan Bagaja, ba kuwa abin mamaki ba ne. Labarin Alhaji Imam ne, wanda ya bar Kwantagora ya shiga duniya neman wani ruwa da zai warkar da ɗan sarki. A hanya ya gamu da Malam Zurƙe, suka yi ta ƙulla wa juna tsiya daga wannan gari zuwa wancan. Littafi irin wannan ba a tambayarsa ko abin ya faru. Marubucin bai ce ya faru ba, mai karatu ma ya sani, don haka babu wanda aka ruɗa, ba kuwa za a kira shi ƙarya ba. Abin da a ke tambaya shi ne: ya riƙe mutum har ƙarshe? Mutanen cikinsa suna magana kamar mutane? Nan Ruwan Bagaja ya cika mudu har ya yi tozo. Amma da yaron ya sake tunani, ya lura da wani abu. Yawancin dariyar da ya yi, a kan wahalar wani ya yi ta, wanda aka cuta ko aka sa aka yi wa dūka. Ya ce yana son Alhaji Imam a cikin littafi, amma ba zai so su yi maƙwabtaka ba. Wannan ra'ayi ne sosai, gama ya zo da dalilinsa.

Na biyu Ganɗoki, wanda ya ruɗa yaron ƙwarai. Farkonsa yaƙe-yaƙe ne na zamanin zuwan Turawa, da sunayen sarakuna da garuruwa na gaske. Sarkin Sudan Ibrahim na Kwantagora ya rayu, Turawa kuwa sun ci garinsa cikin 1901, wannan yana cikin tarihi. Amma can tsakiya sai ga jarumin a ƙasashen gabas yana fama da aljannu. Yaro ya ce, to, wanne zai gaskata? Hatsarin irin wannan littafi ke nan ga wanda bai ƙware ba: ko ya haɗiye duka, ya tafi yana ba da labarin aljannu a kan tarihi ne, ko ya zubar da duka, har da abin da ya auku da gaske. Mai hankali sheƙewa ya ke yi, tsaba gefe guda, ƙaiƙayi gefe guda, ko da ya ke a nan ƙaiƙayin ma abin nishaɗi ne. In yana son ya tabbatar da tsabar, sai ya nemi littafin tarihi, inda marubuci ba shi da izinin ƙara ko da doki ɗaya cikin rundunar sarki.

Shaihu Umar kuwa yaron bai ƙare shi ba da fari. Ya ce babu dariya a ciki, labarin kuma yana tafiya a hankali kamar raƙumi. Gaskiyarsa, haka ya ke tafiya. Sai dai ya auna shi da mudun Ruwan Bagaja, alhali ba don dariya aka rubuta shi ba. Labari ne na zamanin bauta. An sace Umar yana ƙaramin yaro, ya faɗa hannu daban daban, har wani Balarabe ya ƙetare Sahara da shi. Can ya yi karatu ya zama babban malami. Umar ƙagagge ne, amma hanyar da ya bi ta gaske ce. Shekaru aru-aru ayari na ɗaukar bayi daga ƙasar Hausa zuwa Tarabulus, da yawa kuwa ƙishirwa ta kashe su cikin rairayi.

Malam ya sa yaron ya koma ya ƙare littafin. Da ya dawo, ba maganar Umar ya yi ba, maganar uwarsa ya yi. Ita ce ta bar gida ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta, ita ma aka sayar da ita, ta sha wuya shekara da shekaru, ba ta gan shi ba sai dab da rasuwarta. Yaron ya ce Umar ɗaukarsa a ke yi daga wuri zuwa wuri kamar kaya, amma uwar da ƙafarta ta fita, don haka a wurinsa ita ce jarumar littafin, ko da ya ke ba sunanta ke bisa bango ba. Wani mai karatu ya iya ƙin yarda, ya ce haƙurin Umar shi ne zuciyar labarin. Su biyun duk suna da abin nunawa a cikin shafuffukan. Marubucin dai malamin makaranta ne sa'ad da ya rubuta shi, daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, aka kashe shi cikin Janairu 1966.

Na huɗu Ikon Allah, wanda East da Abubakar Imam suka rubuta a kan halittu. Mudun irin wannan littafi shi ne ido. In littafi ya ce sauro a cikin ruwa ya ke ƙyanƙyashewa, birnin Zariya ba ya rasa kududdufi da damina. Yaro ya ɗebo ruwan cikin kwalba, ya rufe bakinta da ƙyalle, ya jira 'yan kwanaki ya gani da kansa. A kuma duba shekarar da aka buga littafin, gama labari ba ya tsufa, amma sanin halitta ƙaruwa ya ke yi. Littafin da aka rubuta kafin 1969 bai san mutum ya taka wata ba.

Na ƙarshe Waƙar Imfiraji ce ta Aliyu Namangi, makahon malami na ƙasar Zazzau, wanda ya rasu cikin 1990. Waƙa ce ta wa'azi da yabon Annabi. Yaron ya karanta ta a zuci, kamar yadda ya karanta sauran, ya ce kalmominta sun yi masa tsauri, bai ji kome ba. Malam bai yi masa gardama ba, ya ce dai ya tuna wanda ya yi waƙar bai tsara ta bisa takarda ba. Da baki ya yi ta, waɗansu suka rubuta.

Ran wata Juma'a yaron ya bi mahaifinsa babban masallaci, wanda Babban Gwani ya gina kusa da fada. Bayan an sallame, suna fitowa, sai ya ji wani tsoho makaho a bakin hanya yana rera waƙa, mutane sun tsaitsaya, waɗansu na jefa masa sadaka. Ya saurara, sai ya gane baitocin nan ne da ya ce sun yi masa tsauri. Ya tsaya har tsohon ya kai aya. Da la'asar ya ɗauko littafin, ya zauna a zaure, ya shiga rerawa da ƙarfi, yana tuntuɓe yana komawa. Kakarsa na jinsa daga cikin gida, ita da ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba. In ya karya baiti sai ta ɗaga murya ta gyara masa.