Aji da Majalisa a Waya Ɗaya

Tun da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, malamai da yawa suka koma tura darasi ta WhatsApp, kuma har yau ba su daina ba. Ka zagaya gidajen hayar ɗalibai a Dutsin-Ma da daddare, na Jami'ar Tarayya ko na Kwalejin Isa Kaita, za ka tarar da yaro a kan tabarma, abin sauraro a kunne ɗaya, muryar malami na zuba, babban yatsansa kuwa na ture bidiyon TikTok. Ka yi masa magana, ya ce, "Yaya, ina ji fa."

Ba ya ji. Taura biyu ba ta taunuwa. Hankali tsalle yake yi daga wannan zuwa wancan, kuma kowane tsalle sai wani abu ya zube. A 2009 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gano cewa waɗanda suka saba haɗa kafofi da yawa sun fi kowa kasa kau da kai daga abin da bai shafe su ba. A Kanada kuma, a 2013, ɗaliban da ke wasu hidimomi a kwamfuta ana lacca sun samu maki ƙasa da na sauran, har na kusa da su masu hango allonsu ba su tsira ba.

Shawarar da ake yawan bayarwa ita ce a kashe waya. A nan ba ta da sauƙi. Wayar ce ajin. Kuma wanda iyayensa ke ƙauyen Kurfi, a zamanin nan na 'yan bindiga, ba ya kashe waya da dare. Duk wanda ya ga yadda aka yi lokacin da aka katse layukan waya a 2021 ya san dalili.

Abin da nake faɗa wa ƙannena shi ne: ka sauke darasin, ka kashe data, ka bar layin kira a buɗe, ka ɗauko biro da littafi. Malamai kuma su taimaka. Muryar awa guda ba mai saurarenta har ƙarshe. A yanka ta minti goma-goma, a tura ta a zauren da malami kaɗai ke iya rubutu, ba inda gaisuwar Juma'a da tallan atamfa za su binne ta ba.