Hita a Lokacin Hunturu: Ruwan Ɗumi Ba Tare da Wuta Ta Ja Mu Ba

Da zarar hunturu ya kankama a watannin Disamba da Janairu, wankan asuba kan zama jarrabawar farko kafin a shiga aji. Shi ya sa hita take farin jini a gidajenmu da ɗakunan kwanan ɗalibai. Sai dai na'ura ce da ta haɗa abubuwa biyu da ba sa ga maciji da juna, wato ruwa da wutar lantarki. Abin da ya raba su bai wuce siririn bututun ƙarfe da wani farin gari mai hana wuta wucewa da aka ɗura a cikinsa ba. Ranar da wannan shinge ya tsage, ruwan wanka ya zama tarko.

Lissafin da ya kamata mu sani

Hita iri biyu muka fi amfani da su: ta tsomawa a bokiti, da ta bango mai tanki, wadda kan ci lita 15, 30 ko 50. Aikinsu ɗaya ne. Wuta tana bi ta wata waya da ke cikin bututun, wayar ta yi zafi, bututun ya miƙa wa ruwa zafin.

Wutar gida a Nijeriya volt 230 ce. Hita mai wat 1,500 tana jan kusan amfiya 6.5. Amma kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya, idan ya ratsa ƙirjin mutum, yana iya rikita bugun zuciya. Ke nan abin da hita ke ja ya ninka wannan fiye da sau 200. Busasshiyar fata takan ɗan tare wuta, jiƙaƙƙiya kuwa hanya take ba ta, balle a ce mutum yana tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti.

Ga wani lissafin ga 'yan ajin kimiyya. Ɗaga zafin ruwa lita 20 daga digiri 20 zuwa 40 da irin wannan hita ba ya wuce minti 20. Babu dalilin barin ta awa guda a kunne.

Hitar bokiti

Ita ce ta fi araha, ita ce kuma ta fi haɗari. Dokarta ta farko: a tsoma ta cikin ruwa kafin a jona, a cire filogi kafin a fito da ita. Idan aka kunna ta a iska, nan da nan bututun zai yi ja ya lalace.

Kada mu taɓa sa yatsa mu ji ko ruwa ya yi zafi alhali tana jone. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, domin a wasu gidajen an juya wayoyin soket, wuta tana nan ko an kashe. A zare filogin gaba ɗaya.

A rataye ta yadda ba za ta taɓa jikin bokitin roba ba, kuma kada ruwa ya kai marikinta. Kafin kowane amfani a duba wayar da bututun. In an ga tsaga, kumburi, baƙin ƙuna a filogi, ko an ji ƙaurin roba, aikinta ya ƙare. Ɗaure ta da leda ba gyara ba ne, haka ma cusa tsirarun wayoyi a soket a tokare da tsinken ashana.

Idan aka ɗauke wuta ana tsaka da ɗumama ruwa, a cire hitar nan take. Mutum kan manta ya tafi makaranta, a dawo da wuta, ruwa ya ƙone, roba ta narke, gobara ta tashi. Makarantar da ta hana hita a ɗakin kwana, wannan take gudu.

Hitar bango

Wannan ta fi aminci idan ƙwararre ne ya kafa ta. Dole a haɗa jikinta da wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda ke kwashe wutar da ta ɓalle ta zubar a ƙasa maimakon ta bi ta jikinmu. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake sawa a akwatin wutar gida, wadda ke katse wuta cikin ƙiftawar ido da zarar ta ji tana yoyo. Tana da maɓallin gwaji. Mu tambayi iyayenmu ko akwai ta a gida.

Ga abin da za mu iya lura da shi da kanmu. Kafin a kunna, a buɗe famfon ruwan zafi a ga ruwa yana zuba sosai, saboda kunna tankin da babu ruwa yana ƙona bututun. A kashe hitar kafin a shiga wanka. A dubi ƙaramin bawul ɗin da ke jikin bututun ruwa a ƙarƙashinta. Ruwa yana ƙara yawa idan ya yi zafi, kuma ta nan rarar ke fita. Ɗigarsa lokacin ɗumama ba matsala ba ce. Toshe shi ne matsala, domin idan na'urar daidaita zafi ta lalace, tankin yana iya fashewa.

Zafin da ya dace a cikin tanki shi ne digiri 60. Tsakanin digiri 20 da 45 wata ƙwayar cuta mai kama huhu takan hayayyafa a ruwan da ya daɗe a ajiye. Amma ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙoƙi kaɗan, don haka a fara zuba na sanyi sannan a sirka, musamman idan ƙanne za a yi wa wanka.

Sauran aikin na mai gyara ne. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana barin farin ɓawo a jikin bututun, irin wanda muke gani a gindin butar shayi. Shi ke sa hita ta riƙa ƙara, ta daɗe ba ta yi zafi ba, ta kuma ci wuta. A cikin tankin akwai wata sandar maganiziyam da tsatsa ke ci a madadin jikin tankin, kuma takan ƙare. Ya kamata a kira mai gyara sau ɗaya a shekara, kafin sanyi ya shigo, ya wanke ɓawon ya duba sandar. Idan famfo ya ɗan ja hannunmu, ko da kaɗan ne, a kashe hitar a gaya wa manya a ranar.

Idan tsautsayi ya faru

Wanda wuta ta kama, kada a taɓa shi da hannu, don za ta haɗa da mai ceton. A kashe babban makunnin gida. In ba a kai gare shi ba, a tsaya a busasshen wuri a ture wayar da busasshen katako. A kira manya, a kira 112, a kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi. Ƙunar ruwan zafi kuma a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20. Ban da man goge baki, manja ko ɗanyen ƙwai.

Yau idan mun koma gida, mu ɗauko hitar mu duba wayarta tun daga filogi har mariƙi, kafin wankan gobe.