Daga Abena zuwa labo: darasin da fifet ya koya mini

Na gama lisans a kimiyyar halittu ina iya zana matakan gwajin PCR ido rufe. Amma ranar da na fara sitaj a wani labo nan Njamena, na ɗebi samfuri biyu da fifet, bututun awon ruwa, ban canza bakinsa ba. Suka gauraye, aikin yini guda ya tashi a banza. Shugabar labon ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi: "Ɗana, da jinin majinyaci ne fa?"

Wata uku ina hawa kalando daga Abena, ina koyon sa safar hannu, liƙa suna a kowace kwalba, rubuta sanyin firij safe da yamma, da faɗin gaskiya in na yi kuskure.

Irin wannan hannun ake buƙata a IRED ta Farcha, mai haɗa allurar rigakafin dabbobi, da CECOQDA mai binciken ingancin abinci.

Ƙannena ɗalibai, ku nemi sitaj tun shekara ta biyu. Iyaye kuma, a taimaka da kuɗin kalando, tunda mai sitaj ba ma'aikaci ba ne tukuna.