Ƙidayar gaɓa da awon gaɓa wajen horon malaman waƙa

Ɗaliban da muke horarwa a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai domin koyarwa a kwalej da lise, da faransanci suka fara sanin awon waƙa. Can kuwa ƙidaya ake yi: ɗango mai gaɓa 12, ko 10, ko 8, kowace gaɓa daidai take da ƴar'uwarta. Da wannan ma'auni suke tunkarar waƙar hausa.

Mun ga haka a wata kwalej ta unguwar Yantala, lokacin gwajin koyarwa. Mun nemi wani ɗalibinmu ya aza baiti guda na rubutacciyar waƙar hausa kusa da waƙar faransanci. Ya ƙidaya da yatsu, ya tarar ɗangogin ba su zo daidai ba, sai ya ce wa yara mawaƙin ne ya yi kure. Yara kuma suka rubuta.

Alhali karin rubutacciyar waƙar hausa, kamar yadda Greenberg ya nuna tun 1949, bisa nauyin gaɓa yake, irin na arulin larabci. Gaɓa mai nauyi ita ce mai dogon wasali, ko wadda ta ƙare da baƙi. Saura marar nauyi ce. A wasu karuruwa, kamar kamil, gaɓa biyu marasa nauyi suna tsayawa madadin guda mai nauyi. Ke nan adadi yana iya sauyawa kari bai karye ba.

Laifin ba na ɗalibin kaɗai ba ne. Bayan taron Bamako na 1966, a Nijar muna ninka dogon wasali a rubutu. Daidaitawar da aka yi da Nijeriya a Yamai a 1980 ta sa aka daina. Yanzu gari na zama da gari na tuwo sura guda gare su a takarda, ko da yake gaɓar farko ta na biyun doguwa ce. Abin da kari ya dogara a kai, ido ba ya ganinsa.

Saboda haka muke cewa a rera baitin tukuna, sau biyu ko uku, littafi a rufe. Daga baya malami ya rubuta shi a allo yana ninka dogayen wasula, don darasin kawai. A Yantala wannan bai zamo baƙon abu ba, tunda yara da yawa zabarmanci suke yi a gida, shi ma yana bambanta dogon wasali da gajere, rubutunsa kuma yana ninkawa. Wahalar tana ga malaman: da yawansu kunyar rerawa suke ji gaban aji.