Gardamar Ƙwallo A Tudun Wada: A Kai Hari Ko A Tsare Gida?

Da zarar an idar da sallar lisha a Tudun Wadan Zariya, sai teburin mai shayi ya cika da ma'aikata da ɗalibai magoya bayan Kano Pillars. Gardamarsu ba ta sakewa: shin mai koyar da 'yan wasa ya sake su su kai hari, ko kuwa su tsare gida?

Hujjar masu son hari ita ce shekarar 2009, lokacin da Pillars ta je har Alƙahira ta yi 2-2 da Al Ahly ta Masar, ta fitar da ita daga gasar zakarun Afirka. Da ta noƙe, in ji su, da ba ta kai labari ba.

Dattawan wurin kuwa sai su tuna musu da Owerri, inda a gasar nan dai Heartland ta ɗura mata 4 ba ko ɗaya a wasan kusa da na ƙarshe.

Abin da samarin ke mantawa shi ne, su kuɗin shayi kaɗai za su biya. Mai koyarwa kuwa, in ya sha kashi sau uku a jere, abincinsa ne ke rawa. Shi ya sa da ya fita Kano yakan tara mutane a baya, ya nemi canjaras.