Haƙarƙarin Adamu da Ayar da Ake Tsallakewa

A Tamawa da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da Dutsin-Ma kusan kowa Musulmi ne, kuma da wuya a sami yaron da bai ji labarin Annabi Adamu da Hauwa'u ba. Amma a cikin garin Dutsin-Ma, inda Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suka tara ɗalibai da ma'aikata daga ko'ina, akwai majami'un da ake karanta labarin nan daga wani littafi dabam, wato Littafin Farawa. In aka gangara kudu wajen Malumfashi da Ƙafur, sai a tarar da Hausawa Kiristoci 'yan ƙasa, jikokin Maguzawa. A 2023 Katsina ta samu Dayosis ɗin Katolika nata, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe na farko da ya zama bishop a wannan ɗarika. Littafin Farawa kuwa ya daɗe a harshenmu: James Schön ya fitar da shi da Hausa a 1858, cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932 da aikin Dakta Walter Miller na Zariya da abokansa.

Wanda ya buɗe Farawa zai tarar an ba da labarin halittar mutum sau biyu. A sura ta 1, namiji da mace sun zo tare a rana ta shida, dukansu cikin kamannin Allah, aka sa musu albarka tare, aka danƙa musu ƙasa da abin da ke cikinta. Ba a ce wani ya riga wani ba. A sura ta 2 labarin ya saki jiki. An gina namijin da turɓaya, an ajiye shi a gona, an kawo masa dabbobi ya raɗa musu suna, bai ga na zama da shi ba a cikinsu. Sai aka sa masa barci mai nauyi, aka ciro haƙarƙarinsa aka yi mace.

Masana irin su Jean Astruc a 1753 da Julius Wellhausen a ƙarni na 19 sun ce labaran biyu daga maɓuɓɓuga dabam-dabam suka fito, aka haɗa su daga baya. Yawancin fastocin ƙasar nan ba su bi ta nan ba. A wajensu sura ta 1 ta faɗi abin a dunƙule ne, ta 2 ta warware shi. Wannan gardamar ta makaranta ce. Wadda ta shafi gidajen mutane ita ce: riga zuwa yana nufin fifiko?

Manzo Bulus ya taɓa ɓangarorin biyu. A wasiƙarsa ta fari ga Timoti ya kafa hujja da cewa Adamu aka fara yi. A 1 Korantiyawa 11 ya ce mace daga namiji ta fito, amma nan take ya tuna wa masu karatu cewa kowane namiji mace ce ta haife shi. Agustin na Hippo, wanda ya rasu a 430 a garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, yana ganin babban taimakon da mace ta kawo wa Adamu shi ne haihuwa. Malaman da suka biyo baya, irin su Toma Akwinas, sun lura cewa ba daga kai aka ɗauko ta ba balle ta mallake shi, ba kuma daga ƙafa ba balle ya taka ta. A zamaninmu, mata masana irin su Mercy Amba Oduyoye ta Gana, wadda ta jagoranci kafa ƙungiyar mata masana tauhidi na Afirka a 1989, sun matsa a sake duba wannan karatu. Hujja mafi ƙarfi a ɓangaren masu neman daidaito ita ce batun namiji ya mulki mace bai fito ba sai a sura ta 3, bayan an ci 'ya'yan itacen da aka hana, a jere ɗaya da ƙaya da gumin noma. Wato yana cikin sakamakon saɓo. ECWA da Angilikan na Nijeriya dai har yanzu ba sa naɗa mata fastoci, kuma sukan koma ga jerin halittar nan don kafa hujja.

Duk wanda ya halarci ɗaurin aure a majami'a a ƙasar Hausa ya san inda wa'azi yake karkata. 'Yan Zumuntar Mata sun yi anko, sun jera da tulunan kiɗa, amarya ta sunkuyar da kai, fasto ya kama batun haƙarƙari da na mace mataimakiya ya yi ta juyawa. Da yamma gwaggonni su ɗora nasu: yi na yi, bari na bari, aure ɗan haƙuri ne. Faɗan nan ɗaya ne da wanda ake yi wa amaryar maƙwabta Musulmi, don su ma suna da hadisin haƙarƙari a Buhari da Muslim, duk da cewa Alƙur'ani kansa rai ɗaya ya ambata a farkon Suratun Nisa'i.

Ayar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce ta 24 a sura ta 2, dab da ƙarshen labarin. Can namiji aka ce ya rabu da uwa da uba ya riƙe matarsa. A wurinmu kuwa mace ce ke barin gida. Ita ake rakawa tana kuka, a yi mata jere a sashen gidan surukai, ta yi girki a madafin uwar miji, mijin kuma ya ci gaba da noma a gandun mahaifinsa. Isra'ilawan dā ma haka suke yi: Farawa 24 ta nuna an ɗauko Rifkatu daga ƙasa mai nisa, Ishaku ya shigar da ita alfarwar mahaifiyarsa Saratu. Saboda haka ayar ba tashi daga gida take nufi ba. Tana gaya wa namiji ne cewa daga ranar aure matarsa ce ta farko a hakkinsa, ko da katanga ɗaya ce tsakaninsa da tsohuwarsa. A gidan da uwar miji ke riƙe da mabuɗin rumbu, wannan magana ce mai nauyi, kuma ina ganin shi ya sa ake wuce ta da sauri.

Ayar ce kuma Yesu Almasihu ya haɗa da ta sura ta 1 a Matiyu 19 lokacin da aka tambaye shi batun saki, kuma a kanta majami'u suka gina auren mace ɗaya. Magidanta Maguzawa masu mata biyu ko uku sun ɗanɗana kuɗarsu a nan. Taron bishop-bishop na Angilikan a Lambeth ya hana yi wa mai mata da yawa baftisma a 1888, sai a 1988 ya sassauta, da sharaɗin ba zai ƙara ba kuma ba za a tilasta masa korar ko ɗaya ba. Shekara 100 ke nan ana sa mutum ya zaɓi wadda zai sallama, kuma matan da 'ya'yansu ne suka fi jin jiki.

Fastocin Dutsin-Ma da Malumfashi, idan kun zo wa'azin aure, ku karanta Farawa sura ta 2 har ƙarshe, ku ba ango nasa rabon faɗan a gaban iyayensa.