Na'urar Binciken Mota: Daga Filin Tsere Zuwa Garejin Maraɗi

Kusan duk ƙaramar motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996 zuwa yau tana da wata kafa mai huji 16 a ƙarƙashin sitiyari, daidai gwiwar direba. Sunan tsarin OBD-II. Turai ta wajabta irinsa ga motocin fetur a 2001, ga na gas kuma a 2004. Da yake yawancin motocin da aka saba saukewa a Kwatano da Lome a kawo Maraɗi tsofaffin motocin waɗannan ƙasashe ne, ƙananan motocin da ke jigila tsakanin Maraɗi da Madarunfa da Gabi da Ɗan Isa akasari suna da wannan kafa, ko da mai motar bai taɓa leƙa ta ba.

Kafar tana haɗe da ƙwaƙwalwar mota, wato 'yar kwamfutar da ke yanke yawan man da nozul zai fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Ƙwaƙwalwar tana samun labari daga ƙananan ma'aunai da makanikai ke kira sensa: ɗaya na auna iskar da ke shiga, ɗaya zafin ruwan inji, ɗaya buɗewar totur, wani kuma yana cikin salansa yana shinshina hayaƙi. Idan wani abu ya kauce, sai ta ajiye lamba ta kunna fitilar inji a gaban direba. P0300 na nufin inji yana tsallake wuta, P0171 kuma iska ta rinjayi mai. A gareji da yawa aikin na'urar binciken da ake jonawa a kafar bai wuce nan ba. A jona, a karanta lamba, a goge, fitila ta mutu, a karɓi kuɗi. Bayan kwana biyu fitilar ta dawo, don lambar alamar ciwo kawai ta nuna, ba ta faɗi tushensa ba.

Babban amfanin na'urar yana cikin naɗar bayanai. Ana zaɓar ma'aunan da ake so, a tuƙa motar, na'urar tana rubuta abin da kowane sensa ke faɗi daƙiƙa bayan daƙiƙa, daga baya a zauna a duba shi a zane. Waɗanda suka fi kowa ƙwarewa a wannan su ne masu tseren miƙaƙƙiyar hanya na Amurka. A tseren nan motoci biyu ke tashi daga tsaye su yi rubu'in mil, kimanin mita 402, babu kwana ko ɗaya. Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 don a kwashe matasa daga tsere a titi a kai su fili mai ƙa'ida. A 2008, bayan haɗarin da ya kashe direba Scott Kalitta, an rage tazarar manyan motocin tseren zuwa ƙafa 1,000, kusan mita 305, kuma suna cinye ta cikin ƙasa da daƙiƙa 4 da gudun da ya haura kilomita 500 a awa. Direba ba zai iya lura da komai ba a irin wannan ƙiftawa. Abin da aka naɗa shi ne shaida.

Manyan motocin suna da na'urorin naɗa nasu na musamman, amma mai ƙaramar mota da ke zuwa fili ranar hutu da kafar OBD-II yake aiki. Abin da ya fara dubawa shi ne gaurayen iska da mai. Fetur yana ƙonewa tsaf idan iska ta ninka shi sau 14.7 a nauyi, sai dai idan an take totur har ƙasa inji yana son ƙarin mai, wajen 12.5 zuwa 13, domin rarar man tana sanyaya cikin silinda. Idan zane ya nuna mai yana raguwa yayin da juyin inji ke hawa, fistin na cikin haɗari. Sai lokacin ba da wuta. Akwai sensa da ke sauraren ƙwanƙwasar da inji ke yi idan mai ya fashe ba bisa tsari ba, kuma da ya ji ta sai ƙwaƙwalwa ta jinkirta wuta, ƙarfi ya ragu. Direba zai ce motar ta yi nauyi. Zane zai nuna a wane juyi ne da kuma digiri nawa aka janye. Mai motar yana kuma duba zafin iskar da ke shiga, da ko taya ta yi juyin banza a ƙafa 60 na farko. Ƙa'idar masu tseren ɗaya ce mai tsauri: a canza abu guda, a sake gudu, a kwatanta zanen biyu. Wanda ya canza fulogi da nozul da matatar iska a tashi ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya yi aiki ba.

Wannan dabara ta fi amfani ga motar da ke ɗaukar fasinja da buhunan gero ranar kasuwa fiye da yadda ake zato, don lodi da zafi suna matsa inji kamar yadda tsere ke yi. Misali, ga mota da ke lafiya lau a tsaye amma tana shaƙewa idan ta yi lodi ta kama hanya. A gareji ba za a ga komai ba. Idan aka naɗa tafiyarta, sai a duba ma'aunin da ke nuna kashi nawa cikin ɗari ƙwaƙwalwa ke ƙara mai ko ragewa don gyara gauraye. Ƙasa da 10 ba abin damuwa ba ne. Idan adadin ya yi sama a tsaye ya sauka da aka taka totur, galibi iska ce ke satar shiga ta tsagaggen tiyo. Idan kuwa daidai yake a tsaye ya hau da aka taka, to mai ne ba ya isa, a nemi famfon mai da matatarsa. A yankin iyaka, inda fetur na kwalba da jarka ya daɗe yana tsallakowa tsakanin Jibiya da Maraɗi, datti da ruwa a tanki ba baƙon abu ba ne. Ƙurar hunturu ma tana rufe sensan iska ya riƙa faɗin ƙasa da abin da ya shiga, alamarsa kuma ta yi kama da ta raunin famfo, sai an duba adadin iskar kafin a raba gardama.

Akwai wata al'ada da zane ke tona wa asiri. Makanikai da yawa suna cire tamostat su haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi, a watan Afrilu ana wuce digiri 40. Amma an tsara inji ya yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 100. Idan ruwa ya tsaya a 60, ƙwaƙwalwa tana ɗauka injin bai gama ɗumi ba, sai ta ci gaba da ƙara mai. Mai motar yana ta kukan shan mai alhali da hannun makanikensa aka jawo.

Na'urar tana da iyaka. Masu arha, waɗanda aka kwaikwaya daga guntun ELM327 na wani kamfanin Kanada, suna haɗuwa da waya ta Bluetooth, kuma a tsofaffin motoci amsa kaɗan suke samu a daƙiƙa, wadda ake rabawa tsakanin duk ma'aunan da aka zaɓa. Shi ya sa huɗu ko biyar sun fi ashirin. Motocin da ke kan tsarin CAN, wanda Amurka ta wajabta daga 2008, sun fi saurin amsawa. Tsohon sensan salansa, mai kaiwa da komowa tsakanin bolt 0.1 da 0.9, ba ya iya faɗin ainihin gauraye idan an take totur, don haka masu tsere ke ɗaura nasu mai faɗin ma'auni. Na'urar kuma karatu da goge lamba take yi. Sauya lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwa aiki ne na wata manhaja daban, kuma kuskure a ciki yana iya ƙona inji.

Wajen gwaji mutum biyu ake bukata, ɗaya a sitiyari ɗaya riƙe da waya. Ba sai an yi gudun tsere ba, kuma hanyar da amalanke da babura da garken dabbobi ke ratsawa ba wurinsa ba ce. Ya isa a bar inji ya ɗumi, a sa giya ta uku, a taka daga ƙaramin juyi zuwa matsakaici a wuri ɗaya da lodi iri ɗaya, kafin gyara da bayansa, a ajiye zanen biyu da kwanan wata da lambar motar.